Gare Ku Matasan Iyaye Mazauna Amurka: Wa Ke Zuwa Taron Makaranta?

'Yan'uwa, da yawanmu unguwannin baƙaƙen fata masu ƙaramin ƙarfi muke zaune, 'ya'yanmu kuma makarantun gwamnati na nan suke zuwa. Sai ka ji mutum yana ƙorafin babu littattafai, malamai ba sa daɗewa, alhali ko sau ɗaya bai taɓa leƙa taron iyaye ba. Wai aiki ya yi yawa. Maƙwabtanmu fa ba zaman banza suke yi ba.

Ku dubi Chicago. A 2013, zamanin magajin gari Rahm Emanuel, an rufe makarantu kusan 50 lokaci guda, akasarin yaran da abin ya shafa baƙaƙe ne. Sakandaren Dyett da ke unguwar Bronzeville ita ma an yanke mata hukuncin mutuwa a hankali, aka hana ta ɗaukar sababbin ɗalibai. Iyaye da kakanni, tare da ƙungiyar unguwa ta KOCO, suka yi ta zarya da takardun koke, suka rubuta tsarin makarantar da suke so, aka yi kunnen uwar shegu da su. A watan Agustan 2015 mutum 12 suka shiga yajin cin abinci, aka kai kwana 34. Wasu sai da aka kwantar da su a asibiti. A 2016 aka sake buɗe Dyett, ko da yake makarantar koyon fasahar zane da kiɗa aka mayar da ita, ba irin wadda suka nema ba. Jitu Brown, ɗaya daga cikin masu yajin, ya ci zaɓen hukumar ilimin birnin a 2024.

Ba cewa nake ku ƙi cin tuwo ba. Abin da ake nema a wurinku bai kai haka ba. Tun dokar 1988 makarantun Chicago ke da majalisar makaranta, inda iyaye ke da kujeru 6. Ita ke zaɓen shugaban makaranta, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma ba sai kana da takardar zama ɗan ƙasa za ka jefa ƙuri'a a zaɓen 'yan majalisar ba.

Kuma don Allah mu bar ɗagawar nan ta "mu baƙi ne, ba ruwanmu da rigimarsu". Aji ɗaya yaranmu suke da na maƙwabtanmu baƙaƙen Amurka. Ka tambayi ranar taro a ofishin makaranta, ka je da maƙwabcinka. In Turanci ne damuwar, ka nemi a kawo maka tafinta.