Daren da na kashe wa fatalwa murya

A danginmu an san ni da hali ɗaya: ba a kallon fim da ni a zauna lafiya. Ni gani nake ilimi nake rabawa kyauta, su kuma sun ce surutu ne. Asabar ɗin da ta wuce muka haɗu a gidan yayana, shi da matarsa da ƙaninmu, aka sa fim ɗin kaboyi, irin tsofaffin nan na shekarun 1960 da mutum biyu za su tsaya a tsakiyar hanya suna hararar juna har ka fita ka dawo ba wanda ya zaro bindiga.

Ban bari an yi nisa ba na sanar da su cewa hamadar da suke gani ba ta Amurka ba ce. Italiyawa ne suka shirya da yawa daga cikin finafinan nan, kuma a Sifaniya aka ɗauki wasu, a hamadar Tabernas da ke yankin Almeriya. Kowane ɗan wasa da harshensa yake magana a gaban kyamara, daga baya a ɗora murya, shi ya sa baki ke yin gabas magana na yin yamma. Ƙarar kofaton doki ma, na ce, sau da yawa ɓawon kwakwa ne wani ke ƙwanƙwasawa a ɗakin naɗar sauti. Yaya ya ce, "To, mun gode, malam." Na ji daɗin yabon, sai na shiga ƙirga harsashi. Bindigar Colt ta 1873, wadda aka fi gani a ƙugun kaboyi, shida take ci. Jarumin namu ya harba tara bai sake ɗurawa ba. Na ce a mayar baya a gani. Ba wanda ya ko kalle ni.

Da ya ƙare, ƙaninmu, wanda tun ɗazu yake cika yana batsewa, ya ce a sa na ban tsoro. Ni dai ra'ayina a fili yake, kaboyi ya fi mutunci. Mugunsa da rana tsaka yake zuwa, a kan doki, kana hango ƙurarsa tun daga nesa. Fatalwa kuwa ba ta da ta-ido, sai dare, sai bayan ƙofa. Mutanen cikin fim ɗin ma ba wayo. An ji motsi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sai mutum ya ɗauki tocila mai mataccen batir ya nufi can shi kaɗai yana cewa "Wane ne a nan?", kamar aljanin zai amsa masa da "Ni ne, ya gida?"

Da jini ya fara kwarara na tuna musu cewa a fim ɗin Psycho na 1960 ruwan cakulan ne daraktan fim ɗin, Alfred Hitchcock, ya zuba a madadin jini, tunda hoton baƙi da fari ne. Sannan na kai su ga babban sirrin. Tsoron duk a kunne yake: kiɗa ya yi ƙasa-ƙasa, a yi tsit, sai a dankara maka ƙara. Na ce, "Yaya, miƙo rimot ka gani." Na kashe murya.

Falo ya yi shiru. A talabijin wata mata na lallaɓawa a dogon lungu, ni kuma na harɗe ƙafa na ce, "Kun gani? Yanzu ko jariri..."

Wani ɗan hannu mai sanyi ya sauka a bayan wuyana. Wata siririyar murya ta ce, "Baffa."

Abin da ya biyo baya, kowa da ruwayarsa. Wai na tsallake tebur ban taɓa shi ba. Wai na haɗa addu'ar shiga gida da ta hawa mota na karanta a numfashi ɗaya. Abin da na tabbatar shi ne, na tsinci kaina a bakin ƙofar waje riƙe da matashin kujera, rimot ya bugi bango, batiransa sun gangara ƙarƙashin firji. Da na waiga sai ga 'yar yayana mai shekara huɗu, da farar rigar barci, kai a tsefe buzu-buzu, tana tsala kuka. Ruwa kawai ta tashi nema.

Uwarta ta ɗauke ta tana rarrashi, ta watsa mini wani kallo wanda ya fi na kaboyin ɗazu kaifi. Na yi musu bayani a tsanake cewa sanda na fita ɗaukowa don in kare gidan. Yaya yana share hawayen dariya ya ce, "Malam, ihun nan da ka kurma, muryarka ce ko ɗora maka aka yi daga baya?"

Rimot dai ya ƙi tashi, haka muka ƙarasa fim ɗin babu murya, ni ina zaune na manna baya da bango saboda wurin ya fi iska. Ashe ƙaninmu tun lokacin da na fara lacca ya kunna naɗar murya a wayarsa. Yanzu duk sanda na kira shi, ihuna ne yake tashi a aljihunsa, kuma sai ya bari ya kai ƙarshe kafin ya ɗaga.