Takardun Abuja da Yamai ba su tsare Tangaza

Wallahi mun gaji a Sakkwato, gajiya ta gaske. Duk ranar da 'yan bindiga sunka tsallako daga dajin iyaka sunka kashe mutane ko sunka kore shanu a Gudu ko Tangaza, tun kafin gari ya waye mun san abin da za mu ji a rediyo, gwamnati ta yi Allah wadai, gwamnati na tuntuɓar maƙwabta, za a kafa kwamiti, minista zai je Yamai. Yamai ita ma ta fito ta ce ai Abuja ce ke ɗaure wa 'yan ta'addan gindi, Abuja ta ce ƙarya ne, a kwashe mako guda ana musayar yawu mu kuwa muna can muna haƙa kabari. Shugabanninmu na nan da na can sun mayar da tsaron iyaka gasar wa ya fi wani iya mayar da martani, alhali mutumin da ke kwana a Balle ko Gidan Madi ba martani yake nema ba, so yake sojan nan da sojan can su riƙa magana da juna su tare wa ɗan ta'adda hanya.

A watan Nuwamba na 2024 hedikwatar tsaro ta fito ta ce wata sabuwar ƙungiya ta ɓulla mai suna Lakurawa. Sabuwa a wurin wa? Mutanen Tangaza da Gudu sun san mutanen nan tun wajen 2018, sun gan su da rawunansu da baburansu da manyan bindigogi suna magana da harsunan da ba na nan ba, an kai kuka sama anka ce ai makiyaya ne kawai. Kuma gaskiya ce wasu shugabannin ƙauyuka da kansu sunka gayyato su da fari don su kore musu ɓarayin shanu, ba zan ɓoye wannan ba, amma ku tambayi kanku mi ya sa talaka zai kira baƙo mai bindiga ya tsare shi, ai don ya kira nasa ne bai zo ba. Sai da sunka yi ƙarfi, sai da sunka shiga Mera a ƙaramar hukumar Augie ta jihar Kebbi sunka kashe mutum 15 a wannan watan na Nuwamba, sannan a Janairun 2025 kotu a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Shekara nawa ke nan anka yi asara tsakanin kukan farko da wannan takarda?

Ƙanwar mahaifina tana aure a wani ƙauye can ƙasar Tangaza, yanzu tana nan gidanmu cikin gari ita da jikokinta a ɗaki ɗaya. Ita ta ba ni labarin yadda suke zuwa, da rana tsaka, ba gudu ba ɓoyo, su tsaya bakin garke su ƙirga shanu da sanda su ware waɗanda sunka yi musu su ce zakka ce, in ka buɗe baki bulala. Yaro in an same shi da kiɗa a waya a zane shi gaban uwarsa. Mijinta ya yi musu gardama a kan shanun huɗa, ya ce ku ɗauki komi ku bar mini waɗannan biyun da su nake noma, sunka ɗaure shi a gindin bishiya har la'asar sannan sunka kore garken duka. Na ce gwaggo ina sunka nufa da su? Ta ce ɗana ina kuwa, arewa mana, iyaka. Kuma da dabbobin sun taka ƙasar Nijar magana ta ƙare, sojanmu ya tsaya inda ƙasarsa ta tsaya, na can kuma ba wanda ya buga masa waya ya ce ga su nan zuwa ku tare. Su mutanen nan sun san haka sarai, sun fi ministocinmu sanin inda layin yake, in an matsa musu nan su koma can, in an matsa musu can su dawo nan.

Ni ba na goyon bayan juyin mulki, soja ya zauna bariki shi ne daidai. Amma abin da anka yi bayan 26 ga Yuli 2023, da Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Shugaba Bazoum a Nijar, mu munka biya kuɗinsa. ECOWAS ƙarƙashin Shugaba Tinubu ta ba da wa'adin mako guda, ta yi barazanar kai sojoji, anka rufe iyaka, anka yanke wa Nijar wutar lantarki alhali a lokacin mafi yawan wutarsu daga nan take zuwa. Na ga Illela da idona a lokacin, manyan motoci sun yi layi direbobi na kwana ƙarƙashin mota, kayan gwari na ruɓewa warin yana dukan hanci tun daga nesa, kasuwar dabbobi ta Lahadi da ke cika maƙil da mutanen Kwanni da Tawa ta rame, 'yan uwanmu na Kwanni suna cikin duhu mai sayar da ƙanƙara ya rufe shago. To iyakar da anka rufe wa ta hana wucewa? Mai albasa ta hana, da mai buhun wake, da tsohuwar da za ta je sunan jikarta. Mai bindiga ai daman ba ta bakin geti yake bi ba, ta daji yake bi a kan babur, kuma ya ci gaba da binsa.

Allah ya saka wa Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Janar Abdulsalami da alheri, su anka tura Yamai a watan Agusta na shekarar, zuwan farko ko birni ba su samu shiga ba daga filin jirgi sunka juyo, amma sunka haƙura sunka koma. Malamai ma sun je, majalisar dattawa ta ƙi yarda da batun yaƙi, da ba don irin waɗannan ba da yanzu wani labarin ake yi kuma a kan gonakinmu za a yi yaƙin. An cire takunkumi a Fabrairun 2024, an buɗe iyaka a Maris, amma amanar da ke tsakanin sojojin ƙasashen biyu ta riga ta karye. Ba ni na faɗa ba, hedikwatar tsaro da bakinta ta ce Lakurawa sun samu ƙofa ne saboda haɗin gwiwar tsaro da Nijar ya tsaya bayan juyin mulki. To tunda kun san ciwon, mi ya hana ku ɗinke shi?

Janar Tiani shi ma yana da laifinsa kuma ba zan rufe masa ba don ya iya Hausa. Ranar 25 ga Disamba 2024 ya zauna gaban talabijin da harshenmu ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, ya kira sunan Lakurawa, ya kira sunayen manyan jami'anmu, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a lokacin, ya fito a BBC Hausa ya musanta, ministan yaɗa labarai ya musanta, mutane a Facebook sunka rabu biyu ana ta zage zage. In yana da hujja a kan sansanin 'yan ta'adda a dajinmu, ai hanyar da za ta ceci rai ita ce ya miƙa wa kwamandojin da ke fagen daga inda wurin yake a je a tarwatsa shi, ba a rataya ta a kafar yaɗa labarai ba. Kuma a wannan ranar dai, ranar da manya ke cacar baki, anka yi luguden wuta ta sama a Gidan Sama da Rumtuwa cikin ƙaramar hukumar Silame da sunan farautar Lakurawa, mutum aƙalla 10 na ƙauye sunka rasu, gwamna Ahmed Aliyu da kansa ya je jana'iza. Ku duba halin da muke ciki don Allah, ɗan ta'adda ta ƙasa, jirgi ta sama, shugabanni kuma suna rediyo. Bayan wannan Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025, a Maris kuma ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin tafkin Chadi. Kowane mataki nesa da juna ake ƙara yi.

Za a ce mini ai ana ƙoƙari, Janar Christopher Musa ya je Yamai a Agustan 2024 lokacin yana babban hafsan tsaro an sa hannu a yarjejeniya, Yusuf Tuggar ya je a Afrilun 2025 a matsayin ministan harkokin waje an ɗauki hoto an fitar da sanarwar bayan taro. Na yarda sun je, kuma zuwan ya fi rashin zuwa. Amma ni ma'aunina ɗaya ne, shin manomin Gudu ya iya zuwa gonarsa ta nesa ya dawo? Shin an daina karɓar zakkar dole? Yarjejeniyar da ba ta sauko daga tebur ta zama motar sintiri a tsakanin Tangaza da Kwanni ba, mu ba ta amfane mu da komi ba. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, ofishinta na Yamai, shekara hamsin da ɗoriya, wane aiki ya fi wanga cancanta ta yi? Sai kuma anka zo mana da maganar gina katanga a kan iyaka, iyakar da ta kai kilomita 1,500, da wane kuɗi, a shekara nawa, wa zai tsare katangar da dare? Mu da ko shingayen da ke kan hanyar Illela mun san abin da ake yi a cikinsu, a tsayar da mai ɗan buhunan gero a wahalar da shi sai ya miƙa wani abu, wannan kuzarin da ma daji anka kai shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na Disambar 2025. Amurka daga can ƙetaren teku ta harba makamai cikin jihar nan, gwamnatinmu ta ce da saninta da haɗin kanta anka yi, ɓaraguzai har a Jabo ta ƙasar Tambuwal sunka faɗi mutane sunka kwana cikin firgici. Wato za mu iya daidaita magana da Amurka a kan dajin Tangaza, amma ba za mu iya daidaita ta da kwamandan da ke Kwanni ba, garin da daga Illela tafiyar 'yan mintuna ce a babur. Makami daga sama zai iya kashe wasu, amma ba zai zauna a ƙauye ya kwana da mutane ba, da ƙura ta lafa waɗanda sunka tsira su tsallaka su huta su dawo. Wanda zai tare su a wancan ɓangaren maƙwabci ne, ko muna shiri da gwamnatinsa ko ba mu shiri.

Gabashin jiha ma haka yake, Sabon Birni da Isa da Goronyo, can kuma su Bello Turji ne. Ba mu manta da kasuwar Goronyo a 2021 ba, ba mu manta da fasinjojin da anka ƙone cikin mota a ƙasar Sabon Birni a ƙarshen waccan shekarar ba, ba mu manta da Sarkin Gobir na Gatawa Alhaji Isa Bawa da anka sace ya rasu a hannunsu a Agustan 2024 ba, basarake guda yana roƙo a bidiyo duniya na kallo. Dubban mutanenmu ina sunka gudu? Jihar Maradi, wajen Gidan Rumji, talakawan can sunka raba hatsinsu da su. Talakawa sun san 'yan uwan juna ne, Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni gida ɗaya ne, Shehu Usmanu kansa a Maratta anka haife shi kuma Maratta yau cikin Nijar take, Gudun da ya yi hijira zuwa gare ta a 1804 ita ce yau mutane ke gudu daga cikinta. Manya ne kawai ke ta fushi da juna a kan gadon mulki.

Ni ba na neman Tinubu da Tiani su zama aminai, su riƙe saɓaninsu na siyasa in sun ga dama. A ware maganar tsaron iyaka daban a bar wa sojoji, kwamandan Illela ya samu lambar na Kwanni ya kira shi kai tsaye ba sai takarda ta je Abuja ta dawo ba, a dawo da sintirin haɗin gwiwa, a yarda in an biyo ɓarayi da shanu a ci gaba da binsu ko a miƙa su hannu da hannu, a sa hakimai da sarakunan ɓangarorin biyu a ciki don su sunka san wa ya shigo wa ya fita. Kuma sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai daga Sakkwato da Kebbi, ku da kunka zo neman ƙuri'a har ƙauyukan nan, ku kira ministan harkokin waje da na tsaro gaban majalisa ku tambaye su a bainar jama'a wane sashe na yarjejeniyar Yamai anka aiwatar, sojoji nawa ke sintiri tare, a wace hanya, tun yaushe. Su faɗi da baki, mu kuma za mu kira mutanenmu na Tangaza da Gudu mu ji ko sun gan su.