Binciken karatu ta intanet: ana ƙirga maƙaloli, ba a karanta su

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Najeriya, a watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Yawancin jami'o'in gwamnati sun shafe wata tara babu darasi, a aji ko ta waya. Duk da haka, wanda ya leƙa mujallun ilimi na shekarun da suka biyo baya zai tarar da maƙaloli jibge a kan karatu ta intanet lokacin korona. Na karanta da dama daga cikinsu, kuma kusan duk ɗinki ɗaya ne: a raba wa ɗalibai takardar tambayoyi, su zaɓi "na yarda" ko "ban yarda ba", a zana jadawali, a rufe da kiran gwamnati ta samar da wuta da intanet. Kiran gaskiya ne, amma kowa ya san shi tun kafin a raba takardar.

Ba na ɗora wa malamai laifin, domin na san abin da ke kora su. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai ya ajiye adadin maƙalolin da aka gindaya masa, kuma wadda ta fito a mujallar waje ta fi maki. Kwamitin ƙarin girma ƙirga yake yi. Wanda aka ce wa ya kawo goma, ba zai zauna shekara uku a kan guda ɗaya ba.

Daga nan ƙofa biyu ce a gabansa. Ta farko ita ce manyan mujallun fannin, irin su Computers & Education ta kamfanin Elsevier da British Journal of Educational Technology da Wiley ke bugawa. Suna tantance aiki sosai, wannan babu musu. Sai dai ko a kulle maƙalar sai mai karatu ya biya, ko marubuci ya biya dubban daloli a buɗe ta. Tun da aka bar wa kasuwa yanke darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024, wannan kuɗi ya fi ƙarfin albashin malami nesa ba kusa ba. Sai ka ga an yi bincike a kan ɗaliban Kano ko Sakkwato, amma malaman da ke koyar da su ba su da hanyar karanta shi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta "biya a buga maka". Jeffrey Beall, wani jami'in laburare a Amurka, ya yi shekaru yana tattara sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya janye jerin a Janairun 2017. A 2013 kuma ɗan jarida John Bohannon ya aika wa mujallu 304 maƙalar bogi mai cike da kurakurai na ganganci, 157 suka karɓa. Abin da ya fi yi mini ciwo a labarin shi ne sunayen da ya ƙirƙira wa marubutan da cibiyoyinsu, na Afirka ne. Duk lokacin da malaminmu ya tura kuɗi aka buga masa maƙala cikin mako guda, yana ƙara wa masu raina aikinmu hujja ne.

Alhali tambayoyin da suka cancanci bincike suna nan a zube. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma katse a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Yaya ɗalibin da ke karatu daga nesa ya yi a waɗannan makonni? Malamai da yawa sun gano cewa saƙon murya a WhatsApp ya fi Zoom isa ga ɗalibai, domin ba ya cin data, kuma ana iya sauke shi da tsakar dare idan sabis ya yi kyau. To, wanda ya koya ta haka yana fahimta kamar na aji? Jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, tana da tarihin ɗalibai na sama da shekara 20. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Su wane ne ke kammalawa, su wane ne ke sarewa, a wane zango? Matar aure mai goyo da ta yi rajista don ba za ta iya zaman aji ba, me ke hana ta kaiwa ƙarshe? Amsa irin waɗannan na buƙatar bin ɗalibai shekara biyu ko uku da tonon rajista, kuma a ƙarshe maƙala ɗaya za ta fito. Haka nan da wuya ka ga wanda ya rubuta yadda manhajar da jami'arsu ta saya ta gaza, don haka wata jami'ar sai ta sake sayen irinta.

Wasu na cewa maganin shi ne a daina lissafa duk mujallar da ba ta cikin Scopus, rumbun da ke jera mujallun duniya da aka tantance. Na yarda hakan na rage bogi. Amma yana ƙara tura malami ya rubuta abin da editan Turai ke son ji, kuma har yanzu ƙirga ce, an dai canza abin da ake ƙirgawa.

Tun 2012 sanarwar DORA, wadda masana da editocin mujallu suka tsara a San Francisco, ta nemi a riƙa auna bincike da abin da ya ƙunsa, a bar dogaro da sunan mujalla. Majalisun jami'o'inmu za su iya farawa daga nan: mai neman ƙarin girma ya zaɓi ayyukansa uku ko biyar mafiya inganci, ƙwararru daga wata jami'a su karanta su da gaske. Hukumar TETFund ta tallafa wa manyan makarantu, da ke tallafa wa mujallun jami'o'i, ta ɗaura tallafin a kan tantancewa ta haƙiƙa da fitowa a kan lokaci, a kuma ɗora su kyauta a dandalin AJOL, wanda tun 1998 yake tattara mujallun Afirka. Sannan kowace maƙala da aka yi a kan ɗalibanmu ta zo da taƙaitawa ta shafi ɗaya da Hausa, yadda ɗalibin da ya cike takardar tambayoyin da uban da ke saya masa data za su ga abin da aka gano.