Wace majalisa ce ta zauna ta ninka mana kuɗin rumfa?

Shekarata 11 ina sayar da kayan miya a wata 'yar kasuwar unguwa a cikin birnin Kano. Ranar Litinin ɗin da ta wuce, ko gama kasa tumatir ban yi ba sai ga yaron da ke yanka mana rasit. Na karɓa, na ga kuɗin ya ninka. Na ce, "Samari, lafiya?" Ya ce, "Baba, wallahi ba ni ba ne, majalisa ce ta zartar."

Wace majalisa? Yaushe ta zauna? Su wa suka ɗaga hannu?

Washegari muka ɗunguma sakatariyar ƙaramar hukumarmu, ni da dattawan kasuwa biyu. Ba rigima ce ta kai mu ba. Abu ɗaya muka roƙa: a nuna mana dokar da aka yi ƙarin da ita, da ranar zaman da aka amince. Wannan ofis ya tura mu wancan, wancan ya ce mai makullin ya fita. Muka wuni a benci, kayana suna can rana tana dukansu, attaruhu ya yamutse. Kwana uku muna wannan sintiri, ko fallen takarda ba mu gani ba.

Abin da ya ƙona min rai ya faru ne a ƙofar masallaci bayan La'asar. Na tare kansilan mazaɓarmu, na ce, "Ranka ya daɗe, da kai aka yanke wannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ni ma a bakinku na ji." Inna lillahi! Mutumin da muka bi layi cikin rana muka zaɓa, a bakin mai tumatir yake jin hukuncin majalisar da yake ciki.

Jama'a, ƙaramar hukuma ba gonar gado ba ce. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi zaɓaɓɓun majalisu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu kuma ya lissafa aikinsu: kasuwanni, tashoshin mota, magudanan ruwa, kwashe shara, maƙabartu. Ba mu musa cewa suna da ikon karɓar kuɗin kasuwa ba. Amma ikon yana da hanya. Sai a gabatar da ƙuduri gaban kansiloli, su yi muhawara, su amince, ciyaman ya sa hannu, a rubuta abin da aka tattauna a ajiye, sannan a sanar da jama'a. In an tsallake duk wannan, to wani ne ya zauna shi kaɗai a ofis ya yanke mana, ya laƙaba wa majalisa.

Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantomomi ya saɓa doka, har shewa muka yi a kasuwa. Aka yi zaɓe a ƙananan hukumomi 44 na Kano a watan Oktoba, muka ce to yanzu muna da wanda za mu tambaya. Ga shi mun tambaya.

Kuma da kuɗin ana ganin aikinsa, da da sauƙi. Kwatar da ke bayan rumfata tun daminar bara take toshe, mu muke haɗa taro da sisi mu sa yara su yashe ta.

Mai girma ciyaman, a manna dokar nan a ƙofar kasuwa, da kwanan wata, da sunayen kansilolin da suka amince. In ta tabbata majalisa ta zauna, zan biya ba musu. In ba ta zauna ba, a mayar mana da tsohon rasit, a dawo mana da rarar da aka karɓa tun ranar Litinin.