Kujerar sayen makaman soja: daraja da tarkon da ke cikinta

Idan matashi ya ce zai shiga soja, hankalin iyayensa fagen daga yake tafiya. Ba kasafai ake tunawa da hafsan da ke zaune a ofis ba, wanda ke duba takardun 'yan kwangila, yana tantance farashin harsashi da takalmi da tayar mota mai sulke, har da kayan gyaran jirgin yaƙi. A ganina kujerarsa tana cikin mafiya nauyi a rundunar, kuma ina so 'ya'yanmu na kirki su riƙa nemanta.

Aikin yana da daɗinsa. Mutum zai ƙware a dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, ya iya ciniki da kamfanonin ƙetare, ya san ciki da wajen kayan da yake saye, ilimin da zai ci gajiyarsa ko bayan ya ajiye kaki. Dubi jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta saya ta hannun Amurka a kan kusan dala miliyan 500, waɗanda shidan farko suka iso a Yulin 2021. Kafin su sauka a sansanin sojin sama na Kainji sai da wasu suka shafe shekaru suna tsara horon matuƙa da kayan gyara da wurin ajiya. Babu wanda ya san sunayensu, amma sojan da jirgin ya kawo wa ɗauki a daji ya amfana da guminsu.

Sai dai duk wanda zai hau kujerar nan ya kamata ya san abin da ya faru a kanta. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙi da Boko Haram, su kuwa kukansu shi ne ba a ba su isassun makamai ba. Daga baya an sassauta hukuncin zuwa ɗaurin shekara 10. A Disambar 2015 aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, zargin da ya musanta, aka tsare shi har Disambar 2019. A Nijar ma binciken da aka yi wa ma'aikatar tsaro a 2020 ya nuna asarar sefa biliyan 76 ta hanyar ƙara farashi da kayan da ba a kawo ba, a daidai lokacin da ƙasar ke makokin sojoji 71 da aka kashe a harin Inates da 89 a harin Chinegodar. Har yau idan na haɗa waɗannan alƙaluma zuciyata tana ƙuna.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ƙaramin hafsa. Manyan ba su cika rubuta umarninsu ba. Da baki za a ce masa oga ya ce a sa hannu, maganar tsaro ce, ba a son tambaya. Idan ya ƙi, yana iya wayar gari an yi masa canjin wurin aiki, ƙarin girma kuma ya tsaya. Idan ya sa, bayan shekaru gwamnati ta canza, EFCC ta buɗe fayil, sunansa ne a ƙasan takarda. Ga kuma 'yan uwa a gida da suke ganin Allah ya kai shi inda ake ci, suna mamakin yadda har yanzu yake gidan haya.

Na yarda akwai abin da ba a tallatawa. Ba za a gaya wa abokan gaba yawan harsashin da ke rumbu ba. Amma farashin takalmi da buhun shinkafar barikin soja ba sirrin ƙasa ba ne. A wajabta cewa duk umarnin sayayya ya zo a rubuce da sunan mai bayarwa, a ba babban mai binciken kuɗi na tarayya da kwamitocin tsaro na majalisa damar ganin takardun, ko da a ɗaki rufe ne, sannan a hana sauya wa hafsa wurin aiki don kawai ya nemi ya ga kaya da idonsa kafin ya sa hannu a biya.