Direban da aka hana tuƙi a ƙetare, wa zai hana shi a gida?

Iyakar Jamhuriyar Ailan da Ailan ta Arewa, wadda yanki ce na Birtaniya, ta kai kusan kilomita 500, hanyoyin da ke ratsa ta sun haura 200, kuma babu shinge balle mai tsayar da mota. Shekaru da dama, direban da kotun garin Dundalk na Jamhuriyar Ailan ta haramta wa tuƙi saboda maye, in dai lasisinsa na Birtaniya ne, cikin rabin awa zai isa garin Newry a Ailan ta Arewa ya ci gaba da tuƙinsa, doka ba ta da ta cewa. Wannan ba sakacin 'yan sanda ba ne. Hukuncin kotu a bakin iyakar ƙasar da ta yanke shi yake tsayawa, lasisin kuwa wata ƙasar ce ta bayar.

Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar ababen hawa ta shata wannan iyaka a sashe na 42. Ƙasar da baƙon direba ya yi laifi a cikinta tana iya hana shi tuƙi a hanyoyinta, ta riƙe lasisin har wa'adin ya cika ko ya bar ƙasar, ta kuma sanar da hukumar da ta ba shi. Soke lasisin kansa ba hurumin ta ba ne. Kotun Tarayyar Turai ma haka ta yanke a 2015, a shari'ar wata mai lasisin Ostiriya da aka tsayar a Jamus aka samu alamar wiwi a jininta: Jamus na da ikon hana ta tuƙi a Jamus, amma lasisinta yana nan da ransa a gida.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun yi yunƙurin toshe wannan kafa da yarjejeniyar 1998 kan haramcin tuƙi, sai dai kaɗan ne suka tabbatar da ita. Birtaniya da Ailan ne suka ɗauke ta da gaske, suka fara aiki da ita a tsakaninsu a watan Janairun 2010. A Disambar 2014 tsarin ya tsaya bayan Birtaniya ta janye daga wasu dokokin Tarayyar na shari'ar laifuka. Sai suka ƙulla tasu su biyu a Oktoban 2015, ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2017. Fiye da shekara biyu da rabi kenan ƙofar tana buɗe.

Abin lura shi ne yadda ƙasashen biyu suka bi hanya daban wajen zartar da abu guda. A Birtaniya aikin ofis ne. Hukumar lasisi ta DVLA, ko takwararta ta Ailan ta Arewa, takan aika wa direban takardar sanarwa, haramcin ya fara aiki bayan kwana 21, shi kuma yana da waɗannan kwanakin ya kai ƙara kotun majistare in bai yarda ba. A Ailan kuwa hukumar kiyaye haɗurra ta RSA ba ta da ikon taɓa lasisin mutum da kanta a kan hukuncin wata ƙasa. Dole ta tattara takardun ta shigar da buƙata gaban kotun gunduma, alƙali ne zai ba da umarnin. A ganina hanyar Ailan ce ta fi dacewa, duk da aibin da ke tare da ita, wanda zan zo kansa.

Dalili shi ne abin da ake ƙwacewa. Ga direban babbar mota ko na tasi, lasisi shi ne jarinsa. Hukuncin da zai zaunar da shi shekara biyu an yanke shi ne a kotun da wataƙila bai taɓa tsayawa a gabanta ba, bisa dokar da ba majalisarsa ce ta yi ta ba. Kafin ƙasarsa ta sa hannu a kan wannan, ya kamata alƙalinta ya duba. Ba sake shari'ar zai yi ba. Ko ya sha ko bai sha ba, ko na'urar auna gudu ta yi daidai, duk wannan an gama shi a inda aka yi laifin, can ne wurin ɗaukaka ƙara, kuma ba a turo sanarwa sai lokacin ɗaukaka ƙarar ya wuce. Tambayoyin da ke gaban alƙalin gida 'yan kaɗan ne. Wannan mutumin ne aka hukunta, ko mai irin sunansa? Laifin yana cikin jerin da aka amince a kai? An sanar da shi shari'ar yadda ya kamata, ya samu damar kare kansa? Nawa ya rage a wa'adin?

Ta uku ce ke da nauyi. Baƙon direba yakan koma gida kafin ranar zaman kotu, a aika sammaci adireshin da ke jikin lasisi, wanda ƙila ya daɗe da tashi daga can, a yanke hukunci ba ya nan. Shi ya sa yarjejeniyar 1998 ta wajabta wa ƙasar da direban ke zaune ta ƙi zartarwa idan ta ga bai samu cikakkiyar damar kare kansa ba, ta kuma buƙaci a haɗo shaidar cewa sammacin ya isa gare shi, tare da kwafin hukuncin mai hatimi, taƙaitaccen bayanin abin da ya faru, da sashen dokar da aka yi amfani da shi. A tsarin ofis, irin wannan adireshin ne za a sake aika wa sanarwar. In ba ta same shi ba, kwana 21 za su wuce bai sani ba, ya wayi gari yana tuƙi alhali an haramta masa, wanda laifi ne da kan kai mutum gidan yari, ga inshorarsa ta shiga matsala. A kotu aƙalla akwai wanda aikinsa ne ya tambaya ko an same shi kafin a ɗaure shi da umarni.

Laifukan da tsarin ya shafa a jere suke: tuƙin ganganci, gudu bayan an kaɗe mutum, tuƙi cikin maye na giya ko ƙwaya, ƙin yarda a yi gwajin numfashi ko na jini, wuce ƙa'idar gudu, tuƙi alhali an riga an haramta, sai duk wani laifin hanya da ya jawo haramcin wata shida ko fiye. Amma sunan laifi na iya zama ɗaya, ma'auninsa ya bambanta. A Ailan iyakar barasa miligiram 50 ce a kowace mililita 100 ta jini, ga direbobin haya da sababbin direbobi kuma 20. A Ingila da Wales 80 ce, Scotland ta sauko 50 tun Disambar 2014. Wanda aka auna aka samu 60 ya yi laifi a Dublin, a Liverpool bai yi ba. Yarjejeniyar 1998 ta bar wa ƙasar gida zaɓin ƙin zartarwa idan abin da aka aikata ba laifi ba ne a dokarta. Ni ban ga hikimar dogaro da wannan zaɓin ba, domin wanda ya shiga ƙasar mutane da mota ya ɗauki dokarsu a wuyansa. Amma in har za a yi wannan awo, alƙali ya yi shi a bainar jama'a, da dalili a rubuce.

Aibin hanyar kotu shi ne lokaci. Duk abin da direban ya riga ya yi na wa'adin tun ranar da haramcin ya fara a ƙetare, cire shi ake yi. In an hana shi tuƙi wata 24 a Janairu, kotun gida ba ta ba da umarni ba sai Oktoba, wata 15 ne suka rage. In kuwa haramcin na wata shida ne, jiran ƙarewar lokacin ɗaukaka ƙara, tura takardu, neman adireshi, samun rana a kotu da ɗage zama sau ɗaya sun isa su cinye shi baki ɗaya, kuma a duk tsawon wannan lokacin mutumin yana kan hanya da lasisi mai kyau. Masu goyon bayan tsarin ofis suna da hujja a nan, kuma ba ƙarama ba ce. Maganin dai ba cire alƙali ba ne. A ɗaure kowane mataki da wa'adi: kwanakin da hukumar ƙetare za ta turo sanarwa, kwanakin da hukumar gida za ta shigar da buƙata, da ranar da dole a saurara. A kuma hana ɗage zama sai da dalilin da ya shafi waɗancan tambayoyin huɗu.

Akwai wata kafar da har yanzu ba a toshe ba. A ƙasashen biyu, wanda ya tara makin laifi 12 cikin shekara uku ana dakatar da shi wata shida, amma irin wannan haramcin ba ya ƙetare iyaka, makin ma ba sa haɗuwa. Mai yawan karya doka a hankali, wanda ba ya yin babban laifi guda da zai kai shi kotu, shi ne ya fi cin moriyar iyakar. Tarayyar Turai, wadda majalisarta ta amince da sabuwar doka a Oktoban 2025 don haramcin da ya biyo bayan maye, gudun da ya wuce kima da haɗarin da ya ci rai ya bi direba ko'ina a cikin Tarayyar, ita ma a kan manyan laifuka ta tsaya.

Mu ma da ke da hanyoyin Jibiya zuwa Maraɗi da Illela zuwa Birnin Konni, batun bai yi mana nisa ba. Katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa diyyar haɗari ya shafa, bai taɓa lasisin direba ba, ga Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Duk ranar da Abuja da Yamai suka zauna kan wannan, aikin zai fi na Ailan wuya, domin kotunan Nijar da Faransanci suke rubuta hukunci bisa tsarin dokar Faransa, na Najeriya da Turanci bisa tsarin Ingila. Za a buƙaci fassarar da kotu za ta karɓa, rajistar lasisi da kowane ɓangare zai iya bincika, da hanyar tabbatar da cewa sammaci ya kai ga direban da yawancin kwanansa a tasha yake yi.