Kujerar 'yan wasa a hukumar alkafura ta Amurka: wakilci ko cika ƙa'ida?

Daga shekarar 1978 zuwa 2020 dokar wasanni ta Amurka ta wajabta wa kowace hukumar da ke kula da wani wasan Olamfik a ƙasar ta ware wa 'yan wasa aƙalla kashi 20 cikin ɗari na ƙuri'un kwamitin gudanarwarta. Hukumar wasan alkafura da lanƙwasa jiki, wato USA Gymnastics, tana ƙarƙashin wannan doka a duk tsawon kusan shekara talatin da likita Larry Nassar ya yi yana aiki da tawagar ƙasar, yana lalata da 'yan mata da sunan yi musu magani. Kujerun 'yan wasa suna nan, akwai masu zama a kansu, ana kiran taro ana tashi, amma ɓarnar ba ta fito ta wannan ƙofa ba. Ta fito ne a watan Satumba na 2016, lokacin da Rachael Denhollander, wata lauya da ta yi wasan tana yarinya ba tare da ta taɓa shiga tawagar ƙasa ba, ta yarda jaridar Indianapolis Star ta buga labarinta da sunanta. Wannan kaɗai ya isa ya sa duk mai kiran a ƙara wa 'yan wasa kujeru ya dakata ya tambayi kansa: kujera nawa ake bukata, ko kuwa wace irin kujera?

Ra'ayina shi ne yawan kujeru ba ya kare ɗan wasa muddin wanda ke zaune a kai yana cin abinci daga hannun hukumar, ko kuma yana da hannu a yanke hukuncin wanda zai tafi gasa da wanda zai zauna a gida. Tarihin hukumar ta Amurka ya nuna haka ƙarara.

A duba yadda aka tsara tawagar mata a wancan zamani. Kusan kowane wata ana tara fitattun 'yan wasan a gonar masu horarwa Bela da Martha Karolyi da ke cikin daji a jihar Texas, inda ba a barin iyaye su zauna tare da 'ya'yansu. Mafi yawansu yara ne masu shekara goma sha wani abu, kuma kowace ta san cewa mutum biyar kacal za a ɗauka zuwa gasar Olamfik, kamar yadda aka yi a Landan a 2012 da Rio a 2016. Yarinyar da ta ce ƙafarta na ciwo tana tsoron a ɗauke ta raguwa, wadda ta ji yunwa kuma tana tsoron a gan ta da abinci. A cikin wannan yanayi ne Nassar ya mai da kansa mutumin kirki, yana ba su alewa da ɗan abin taɓawa a ɓoye, yana sauraron kukansu, kamar yadda da yawa daga cikinsu suka bayyana daga baya. To, wa yarinya za ta kai wa ƙara? A takarda akwai wakiliyar 'yan wasa. Sai dai wakiliyar tana cikin ƙaramin kwamitin da ke zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa. Tsohuwar mai gabatar da ƙara ta tarayya, Deborah Daniels, wadda hukumar ta ɗauka ta binciki tsarinta, ta fitar da rahoto a watan Yuni na 2017 mai ɗauke da shawarwari 70, kuma wannan haɗa aiki biyu a hannun mutum ɗaya yana cikin abubuwan da ta nuna wa yatsa. Ba a bukatar dogon nazari kafin a gane dalili. Babu yarinyar da ta shafe ƙuruciyarta tana neman gurbi guda da za ta je ta faɗa wa mai riƙe da wannan gurbi cewa tana da matsala.

Akwai wani ɓangare kuma da ba a cika son tattaunawa ba, saboda yana taɓa mutanen da jama'a ke ƙauna. Wanda ake zaɓa ya wakilci 'yan wasa galibi shi ne wanda tsarin ya yi wa rana. Dokar ta Amurka ta fi mayar da hankali kan waɗanda suka wakilci ƙasa a manyan gasannin duniya cikin shekara goma da suka gabata, wato ƙalilan ɗin da suka jure horon har suka kai ƙololuwa. Mai lambar yabo a wuya yana da dalilin ganin cewa wahalar da ya sha ita ce ta kai shi, don haka ba abin mamaki ba ne ya ɗauki kukan na baya a matsayin ragwanci. Terin Humphrey, wadda ta ci lambobin azurfa biyu a Atina a 2004 kuma ta daɗe tana wakiltar 'yan wasa mata, an sauke ta a watan Mayu na 2019 bayan ta yaɗa wani rubutu a Facebook mai nuna cewa abin da zakaru ke ɗauka horo shi ne abin da sangartattu ke kira cin zarafi. Ba ina cewa ta ɓoye wa Nassar laifi ba ne, kuma bai kamata a ɗora mata nauyin gazawar hukuma guda ba. Abin lura shi ne cewa mutumin da aka ajiye domin ya saurari koke yana iya riƙe irin wannan ra'ayi shekara da shekaru, tsarin bai ga aibin hakan ba sai da ya fito fili. Yarinyar da ta karye a shekara goma sha huɗu ta bar wasan, wadda ita ce ta fi kowa sanin inda ɗakin ke yoyo, ba ta cika sharaɗin tsayawa takara ba.

Idan aka bi sawun sauye-sauyen da aka samu, za a ga cewa kusan dukkansu daga waje aka tilasta su. A watan Yuni na 2015 labarin abin da Nassar ke yi wa 'yar wasan tawagar ƙasa Maggie Nichols ya isa ga shugabannin hukumar, amma sai da aka yi makonni biyar kafin a sanar da hukumar bincike ta FBI, ita ma ta yi ta jan ƙafa fiye da shekara guda. Rahoton babban sufeton ma'aikatar shari'a na watan Yuli na 2021 ya nuna cewa a cikin wannan jinkiri Nassar ya ci zarafin wasu 'yan mata aƙalla 70. A watan Janairu na 2018 mata fiye da 150 suka tsaya ɗaya bayan ɗaya a gaban mai shari'a Rosemarie Aquilina a jihar Michigan suka faɗi abin da ya same su, aka yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, kuma a cikin wannan watan ne dukkan mambobin kwamitin gudanarwar hukumar suka yi murabus bisa umarnin kwamitin Olamfik na ƙasar. Simone Biles, tauraruwar tawagar ƙasar, ta rubuta a Twitter ranar 15 ga Janairu cewa ita ma tana cikin waɗanda abin ya shafa, tana mai nuna takaicin cewa za a ci gaba da mai da ita wurin da aka cuce ta domin horo. Bayan kwana uku hukumar ta yanke hulɗa da gonar Karolyi. A watan Oktoba na shekarar, shugabar riƙon ƙwarya Mary Bono ta ajiye aiki kwana huɗu da naɗa ta, bayan Biles da takwararta Aly Raisman sun soki naɗin a bainar jama'a.

Wannan ƙarfi ne na gaske, amma ƙarfin suna ne, ba na tsari ba. Biles tana iya magana a saurare ta domin hukumar ta fi bukatarta fiye da yadda ita take bukatar hukumar. Dubban yaran da ke atisaye a ƙananan kulob-kulob na garuruwa ba su da wannan gata, kuma su ne mafi rinjayen mambobi. Domin su ake ƙirƙirar kujerar wakilci tun asali.

Abin bai tsaya a Amurka ba. A Birtaniya, bayan 'yan wasa irin su Amy Tinkler da 'yan'uwan nan biyu Becky da Ellie Downie sun fito sun yi magana a 2020, an ɗora wa lauya Anne Whyte aikin bincike, ta karɓi bayanai fiye da 400 kan shekarun 2008 zuwa 2020, ta fitar da rahoto a watan Yuni na 2022. A ciki akwai yaran da ake bincika jakunkunansu ko an sami abinci, da waɗanda suka riƙa ɓoye abinci a saman rufin ɗakinsu, da waɗanda ake aunawa a ma'auni kullum. Waɗannan ba asirai ba ne da ke bukatar ɗan sandan ciki. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin horo ya san su, amma an ɗauke su a matsayin kuɗin shiga gidan nasara.

Masu adawa da faɗaɗa ikon 'yan wasa suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa gudanar da hukuma aiki ne na kasafin kuɗi da inshora da yarjejeniyar tallace-tallace, kuma matashin da ke atisaye sa'o'i talatin ko fiye a mako ba shi da lokaci ko ƙwarewar karanta takardun. A wasan alkafura matsalar ta fi tsanani, domin hukumar duniya ta FIG da ke birnin Lausanne ta amince mace ta shiga gasar manya a shekarar da za ta cika 16, ma'ana wasu daga cikin fitattun 'yan wasan duniya ba su kai shekarun sa hannu a kan takardar doka ba. Na yarda da wannan bayani, amma ban yarda da inda ake kai shi ba. Idan wakili ba shi da ƙwarewa, maganin shi ne a ba shi lauya da ma'aikaci da kasafin da shugaban hukuma ba zai iya toshewa ba idan ransa ya ɓaci. Idan 'yan wasan yara ne, wannan dalili ne na shigo da iyaye da kuma waɗanda suka bar wasan ba tare da lambar yabo ba, ba dalilin barin masu horarwa da alƙalan gasa su yi magana a madadinsu ba. Wakilin da aka zaunar a tsakiyar ƙwararru ba tare da kayan aiki ba ɗan amshin shata ne, ko da kuwa niyyarsa ta alheri ce.

Majalisar dokokin Amurka ta ɗaga kason 'yan wasa zuwa kashi ɗaya cikin uku a dokar da aka sa wa hannu a watan Oktoba na 2020, ta kuma wajabta wa kwamitin Olamfik na ƙasar ya riƙa ba cibiyar SafeSport mai karɓar koke dala miliyan 20 a kowace shekara. A ganina sashe na biyun ya fi na farko nauyi, duk da korafin da ake yi kan jinkirin cibiyar, domin shi ne ya ƙarfafa hanyar kai ƙara da ba ta bi ta ofishin masu zaɓen tawaga. Haka kuma, a sulhun diyyar dala miliyan 380 da aka cimma da hukumar alkafura da kwamitin Olamfik na ƙasar a watan Disamba na 2021, waɗanda aka ci zarafinsu ba su tsaya kan kuɗi kawai ba, sai da suka sa aka rubuta cewa za a ba ɗaya daga cikinsu kujera a kwamitin gudanarwa. Wannan kujera ta bambanta da na baya saboda ba nasara a fili ce ta samar da ita ba, kuma hukumar ba ta bin mai zama a kanta bashin godiya.

Abin da ya rage shi ne a iya ganin aikin waɗannan wakilai. Ɗan wasan da ya kaɗa ƙuri'a ya zaɓi wakili yana da haƙƙin sanin matsayin da wakilin ya ɗauka ranar da aka tattauna dakatar da wani mai horarwa, ko ranar da aka yanke yawan kuɗin da za a kashe kan likitoci da masu ba da shawara. Hukumar da ke alfahari da kashi ɗaya cikin uku ta riƙa wallafa yadda kowane mamba ya kaɗa ƙuri'a a kan irin waɗannan batutuwa, da sunansa, a wurin da yarinya mai shekara goma sha biyar da mahaifiyarta za su iya karantawa kafin zaɓe na gaba.